Ƙofar da Ta San Hannu Biyar

Ƙofar gidan kafinta ba ta da ramin mabuɗi. Shi ya haɗa ta da hannunsa, da katako mai nauyi da ya ware wa kansa tun kafin a gama ginin, amma makullin da ke jikinta aikin ɗansa ne, wanda kowa ke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon gidan yana ɗan ƙarami ya kasa mayar da ita. Makullin baƙi ne sumul, da 'yar fitila a samansa. Mutum biyar ne a gidan, kowanne kuma yana da ɗan cif, wata 'yar mitsitsiyar na'ura, a ƙarƙashin fatar hannunsa, tsakanin babban yatsa da manuni. Mutum ya kara hannunsa a jikin makullin, fitila ta yi kore, ya ji ƙaras, sai ya tura ya shiga.

Da safen nan kafinta yana zaune a kan benci a tsakar gida, shayinsa ya huce bai taɓa ba, sai matarsa ta fito daga ɗakin 'yarsu Auta ta tsaya a kansa.

"Baban yara, ka cire shi daga ƙofar nan."

Bai tambaye ta wa take nufi ba. Jiya da rana, shi yana shago ita tana kasuwa, Injiniya ya shigo gidan bayan an kwana biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Ya wuce ɗakin kakarsa ya kwashe maganin ciwon ƙashinta, mai ƙarfin nan da sai likita ya rubuta ake bayarwa. Ƙanwarsa Auta ta tare shi a hanyar fita. Ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan hannunta, wuyan hannun ya karye. Kafin wannan, injin goge katako ya yi ƙafa, dutsen guga ya bi shi, fankar falo ma haka, kuma ba a taɓa tarar da ƙofar a ɓalle ba.

Kafinta ya ɗaga kai ya dube ta. Ita ce kullum mai shiga tsakani, mai cewa a yi wa yaro addu'a, mai ɓoye masa abinci a kwano ko da an ce kada a ajiye.

"Ke da bakinki?"

"Ni da bakina. Biyu na haifa, ba ɗaya ba."

Ta juya ta koma ɗakin yarinyar, ta bar shi da ƙofar a gabansa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne don alheri aka fara abin. Mahaifiyarsa, wadda yaran ke kira Kaka, hannuwanta ne suka soma rawa. In ta fita gaisuwa ko karɓo magani ta dawo ba kowa a gida, sai ta yi ta fama mabuɗi ya ƙi samun rami. Wata rana Injiniya ya taso daga rumfarsa ta gyaran waya ya same ta zaune a dokin ƙofa, rana ta gasa ta, mabuɗin yana ƙasa a gabanta, ta haƙura da shi. Ya buɗe, ya kama ta ya kai ta ɗaki, ya kawo mata ruwa. Da yamma ana cin abinci ya miƙa hannunsa tsakiyar tabarma ya nuna musu wani ɗan tudu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Ashe shi ya daɗe da sa nasa, da shi yake buɗe durowar rumfarsa. Ya ce kowa ya sa irinsa, shi kuma ya yi wa ƙofar gida makullin da zai san su.

"Baba, ba shi da batir, ba ya nuna inda mutum yake, ba ya magana da kowa. Irin wanda ke cikin katin banki ne, NFC ake ce masa. Barci yake yi sai an kawo shi kusa da abin da ya san shi."

"In ya yi tsatsa fa?"

"A cikin gilas yake."

"In gilas ɗin ya fashe? Ni da guduma nake wuni."

"To sai a sa maka a hannun da kake riƙe ƙusa."

"Ka ji Injiniya! Ai shi gudumar take samu."

Har Kaka sai da ta yi dariya ta ƙware. Ita ce kuma ta fara cewa a kai ta wurin da ake sawa. Kafinta bai manta ɗakin ba: fari fat, da gado mai leda, da wata nas mai safar hannu wadda ta goge wurin da auduga, ta tsunkuli fatar ta ɗaga, ta zare allura mai kauri daga cikin takardarta. Shi da yake uba sai da ya kau da kai. Kaka kuwa ta tsare allurar da ido har ta shiga ta fita.

"Shi ke nan? Maigidana, ka ce mini aiki za a yi, ashe cizon sauro ne."

"Da kin yi kuka, tsohuwa, a nan zan sake ki," in ji jikan.

"Ka saki wa? Wa zai kwashe ka da waɗannan kunnuwan?"

Da aka ga tsohuwa ta yi, sauran suka ji kunyar nokewa. Hannun ya ɗan kumbura, ya sace, aka cire filasta. Injiniya ya kafa makullin, ya jera su a bakin ƙofa yana koya musu yadda ake dunƙule hannu a kara gefensa, ba tafin ba. Ranar Kaka ta yi ta fita tana shiga ba don tana da wurin zuwa ba, sai don ta ga koriyar fitila. A nata cif ɗin Injiniya ya rubuta lambar wayar mahaifinsa, don ko ta faɗi a hanya, duk wanda ya kara waya a hannunta zai ga wanda zai kira. A na kafinta ya rubuta lambar shago, har kafinta ya riƙa burge masu sayen kujera da shi. Da ya gama, ya miƙa wa uban wani farin kati ya ce wannan ita ce uwar kati, ita ke sa mutum ita ke cire mutum, a ɓoye ta wuri mai kyau.

Wannan yaron ne. Babu wanda zai iya nuna ranar da ya fara canzawa. An dai fara ganin kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gadonsa ba ya tari, daga nan idanu suka faɗa, masu waya suka riƙa sallama a ƙofar gida suna neman kayansu, rumfa ta rufe. An kai shi asibiti ya gudo, an sake kai shi ya sake gudowa. Duk inda ya kwana kuma, duk halin da yake ciki, in ya zo ya kara hannunsa, ƙofa ba ta tambayarsa komai.

Kafinta ya shiga ɗaki ya ciro uwar kati daga aljihun tsohuwar kwat ɗinsa, ya ɗauki hoton makullin da waya, ya fita. Bai san yadda ake amfani da katin ba, don bai taɓa zaton zai buƙace shi ba.

Yana da aboki mai gyaran makulli, shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene, ƙunci kamar akwati, mabuɗai na reto a kan ƙusoshi har rufi. Nan ya nufa. Abokin yana cikin goga wani mabuɗi ya hango shi.

"A'a, mai ƙusa! Yau kuma an zo wurin masu ilimi? Ko ka kulle kanka a cikin durowar da ka haɗa?"

Da ya ga fuskar kafinta sai ya kashe injin, ya share masa kujera da gefen hannu. Kafinta ya faɗa masa abin da ke tafe da shi a taƙaice, bai ambaci hannun Auta ba. Mai makulli ya ɗora tabarau, ya duba hoton, ya juya katin gaba da baya.

"Na san irinsa. Mai kyau ne, amma ba shi da wayo. Ba ya haɗuwa da waya, ba a rubuta suna a cikinsa. Bai san wane ne ɗanka ba, bai san wace ce tsohuwarka ba. Hannu kawai ya sani."

"To yaya ake cire ɗaya?"

"Hanya biyu ce. Ko mai hannun ya zo da kansa, a nuna uwar kati, ya kara hannunsa, makulli ya goge shi shi kaɗai. Ko kuwa ka kwance murfin baya, akwai wani ɗan maɓalli, ka danne shi, ya manta kowa da kowa. Sannan waɗanda kake so su zo ɗaya bayan ɗaya su sake kara hannu."

"In na sayi sabo fa?"

"Duk ɗaya. Sabon ma sai kowa ya zo ya gabatar da kansa. Sai dai in mabuɗi za ka koma, in yanka maka yanzu."

Kafinta ya girgiza kai. Mabuɗi yana nufin tsohuwa a rana.

"Ka danna maɓallin kawai," in ji mai makulli, ya sassauta murya. "Aikin shan ruwa ne. Ba sai kun haɗa ido da yaron ba. Ya zo ya ga ja, ya gane."

A hanyar komawa kafinta ya yi ta juya maganar nan ta ƙarshe. Shi mutum ne mai son ya ga ƙarshen tunani ko da zai hana shi cin abinci. A zamanin mabuɗi, in uba zai hana ɗansa gida, sai ya miƙa hannu ya ce ba ni. Yaron ya ba shi, ko ya jefa masa a ƙasa, ko ya ƙi. Ko ta yaya dai an tsaya gaba da gaba, kowa ya ji nauyin abin da ya yi. Yanzu kuwa mabuɗin yana cikin naman yaron, ba a karɓe shi, zai ci gaba da yawo da shi duk inda ya je, ƙofar ce kawai za a sa ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Kafinta ya ga wannan ya fi sauƙi, kuma sauƙin ne bai kwanta masa ba.

Ya tara su a ɗakin Kaka, don ita tashi yana yi mata wuya tun da ta kwana ba magani. Auta ta zauna a bakin gado, hannunta a ɗaure cikin farin siminti an rataye shi a wuya. Ya yi musu bayani kamar yadda aka yi masa: zai danna maɓalli, ƙofa ta manta da su duka, sannan kowa ya fito ya sake kara hannunsa.

"Ni zan fara," in ji matarsa. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma bakin zanenta take ta murzawa.

"Nawa yana cikin siminti," in ji Auta. "Ba zai karanta ba sai an kwance." Ta dubi uban ta ce, "Baba, don Allah kada a ce saboda ni ne. In Yaya ya ji saboda ni ne…"

"Ba ke kika hankaɗe kanki ba," uwar ta katse ta.

Kaka tana kwance ta ba su baya. Sai da kafinta ya ce, "Inna, kin ji?" sannan ta juyo da ƙyar.

"Na ji. Wato in fito in tsaya a layi, in sa hannuna, a shigar da ni a bar shi a waje."

"Ba haka ba ne, Inna. Ƙofar ce sai an…"

"Haka ne mana. Kana tsammani tsufa ya cinye mini kai? Duk wanda ya sa hannu ya ce i. Yaron da ya tsince ni a rana, ni zan ce i? Maganina ya ɗauka. Ni ce mai ƙara, kuma ban kai ƙara ba."

"Inna, ki dubi hannun yarinyar nan," in ji surukarta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa mayar wa tsohuwar magana ba sai yau.

Kaka ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa. Ta miƙa nata mai rawa ta shafa simintin.

"Na gani, 'yar nan. Ban ce ba ki da gaskiya ba. Ku rufe, ban hana ku ba. Amma ban da hannuna. In na fita na dawo, na jira a waje har wani ya zo. Na saba."

Kafinta ya san mahaifiyarsa. In ta ce ba za ta yi ba, ko hannun aka kama aka kai, sai ta dunƙule shi ta ɓoye a hammata. Ya fito tsakar gida ya ɗauko sukuddireba, ya tsaya a bayan ƙofar. Ƙusoshi ƙanana ne ke riƙe da murfin, aikin da zai gama kafin a tafasa ruwa. Ya kafa bakin sukuddireban a kan na farko, bai murɗa ba.

Matarsa tana da gaskiya: gida da yarinya da tsohuwa ba zai zauna a buɗe ga wanda ba ya cikin hankalinsa ba. Mahaifiyarsa ma tana da gaskiya. Ya lura kuma cewa shi kaɗai ne a cikinsu bai faɗi nasa ba. Matar ta ce i da bakinta, tsohuwar ta ce a'a da bakinta, shi kuwa yana neman ya laɓe a bayan maɓalli, ya bar 'yar jar fitila ta gaya wa ɗansa abin da shi ya kasa gaya masa. Ya mayar da sukuddireban cikin akwatin kayan aiki, ya sa takalmi.

"Ina za ka?" in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Wurinsa."

Ya san inda ake ganinsa. Bayan kasuwar waya akwai wani lungu inda ake jera janareto, ƙasa baƙi ƙirin da baƙin mai, ƙara ba ta barin mutum ya ji kansa. A ƙarshen lungun ya same shi zaune a kan kifaffen akwatin lemo, da wayar wani a buɗe a cinyarsa, yana ƙoƙarin kama wani ɗan ƙaramin noti da hantsaki. Hantsakin sai karkarwa yake yi yana kuskure. Rigar jikinsa ta kafinta ce, wadda aka daɗe ana nema.

Da ya ga uban sai ya miƙe zumbur, wayar ta kusa faɗuwa.

"Baba."

"Zo mu matsa, ba na jin komai a nan."

Suka koma jikin wani bango mai inuwa. Kafinta ya dubi wuyan yaron, yadda ya zama kamar na tsuntsu.

"Hannunta ya karye."

Injiniya ya ce, "Ban san ya karye ba. Wallahi ture ta kawai na yi."

"Yanzu ka sani."

"Ina da maganin Kaka, saura kaɗan, zan dawo da…"

"Ba magani ya kawo ni ba. An sayo mata wani." Kafinta ya ciro uwar kati daga aljihu ya nuna masa. Ba sai ya yi dogon bayani ba, wanda ya kafa makullin ya fi shi sanin abin da katin ke yi. "Na zo in gaya maka da bakina, kada ka je ka tarar. Daga yau ba za ka riƙa shiga gidan da kanka ba. In ka zo ka ƙwanƙwasa, in ina nan in fito."

Yaron ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ka danna maɓallin baya mana. Mai makulli bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini. Ya ce kuma akwai wata hanyar."

Sai da Injiniya ya ɗan yi jim kafin ya gane. Fuskarsa ta canza.

"Baba, wato zuwa ka yi ka roƙe ni in je in kori kaina?"

"Ban zo roƙo ba."

"In na ƙi fa?"

"In danna. Uwarka ta ce ita za ta fara sa hannu. Ni ma zan sa."

"Mama ce ta ce haka?"

"Ita."

Yaron ya sunkuyar da kai yana murza ɗan tudun da ke hannunsa da babban yatsa.

"Kaka fa?"

Kafinta ya so ya yi shiru a nan. Amma an tambaye shi, kuma bai zo don ya ɓoye komai ba.

"Ta ce ba za ta sa ba."

"To ta yaya za ta riƙa shiga?"

"Ta ce ta jira a waje."

"Kai, tsohuwar nan da taurin kai take!" Ya faɗa da ƙarfi kamar mai faɗa, sai kuma ya juya fuskarsa ga bango.

"Ina gida har rana ta yi sanyi," in ji kafinta. "In ban gan ka ba, na san amsarka." Ya juya ya tafi bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya zai ce a bar maganar.

Duk tsawon hanya zuciyarsa ba ta bar shi ya huta ba. Gaskiya ya faɗa wa yaron, ko kuwa tsohuwa ya mayar igiya ya ɗaura masa a wuya? Ya san sarai wurin da ya rage mai taushi a zuciyar ɗansa, kuma nan ya taɓa. Ya gaya wa kansa ai tambayarsa aka yi. Wata zuciyar ta ce masa ai ka san za a tambaya. Har ya iso gida bai raba gardamar ba, kuma ya fahimci ba zai taɓa raba ta ba.

Bai koma shago ba. Ya fito da benci ƙofar gida ya zauna, ya bar ƙofar a buɗe. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa da ka. Inuwar bango ta tsallaka kwata ta fara hawa gidan da ke kallonsu. Matarsa ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa. Har ya fara tunanin sukuddireba, sai ya hango shi a bakin layi, yana tafe a gefen bango kamar mai gudun a gan shi. Ya wanke fuska a wani wuri, gaban rigar a jiƙe.

Bai gaisa ba. Ya miƙa hannu, kafinta ya ba shi katin.

"Sai an rufe tukuna," in ji Injiniya.

Kafinta ya ja ƙofar ta rufe, suka zama su biyu a waje. Yaron ya kara katin a jikin makullin, ya ɗaga, ya sake karawa, har fitilar ta fara ƙiftawa.

"Yanzu tana jira. Duk hannun da ta gani, shi za ta goge. Ka matsa da naka baya."

Kafinta ya mayar da hannunsa bayansa. Injiniya ya dunƙule nasa ya kai. Amma hannun ya ƙi tsayawa. Yana ta karkarwa yana bugun ƙarfen, ya zame sama, ya zame ƙasa, makullin bai samu ya karanta ba. Fitilar ta gaji ta mutu. Ya sake nuna katin, ya sake kaiwa, ya danne wuyan hannun da ɗaya hannun, duka biyun suka yi ta rawa tare. Zufa ta keto masa. Fitilar ta sake mutuwa.

"Ba da gangan nake yi ba, Baba."

"Na sani."

"Tun safe ban sha komai ba, shi ya sa. In na sha yana tsayawa." Ya miƙa wa uban hannun. "Sai dai ka riƙe mini."

Kafinta ya dubi hannun. Duk tunanin da ya yi a hanya, bai hango wannan ba. Ya so a ce yaron ne ya yi da kansa, shi yana tsaye a gefe. Ya duba hannuwansa biyu, ya tuna a na dama nasa cif ɗin yake, ya sa shi a aljihu. Da hagu ya kama wuyan hannun ɗansa. Ƙashi ne zalla, da zafi kamar na mai zazzaɓi, jijiya tana bugawa a ƙarƙashin yatsunsa. Injiniya ya nuna katin da ɗaya hannun, fitila ta fara ƙiftawa. Kafinta ya kai hannun ya danne shi a jikin ƙarfen, kamar yadda yake danne katako in zai yanka, ya riƙe har rawar ta tsaya.

Makullin ya yi ƙara doguwa, fitilar ta ɗauke.

Bai saki hannun nan da nan ba. Yaron ne ya zare shi a hankali.

"A gwada," in ji Injiniya. "Ba a barin aiki ba a gwada ba."

Ya jingina gefen hannunsa da makullin, ya tokare da kafaɗa don ya tsaya. Fitila ta yi ja. Ya tura ƙofar, ba ta motsa ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama gyaran wayar wani, ya miƙa wa uban katin.

"Na sauran yana nan yadda yake. Ka ce wa Kaka ba sai ta yi komai ba."

Daga ciki aka ji motsi a jikin ƙofar, numfashin mutum a bayan katako. Hannun ƙofa na ciki ba ya buƙatar cif, duk wanda ke tsaye a wurin yana iya murɗawa. Su biyun suka zuba wa ƙofar ido. Ba a murɗa ba. Can sai muryar uwar ta fito, a dushe.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Mama."

"Ƙarya kake yi."

"Ƙarya nake yi," in ji shi. Ya goge hanci da bayan hannu. "Ki ce wa Auta… a'a, bar shi. Ni zan faɗa mata da kaina, in ta yarda ta gan ni."

Ya juya zai tafi. Kafinta ya sa katin a aljihu ya bi shi. Suka jera a layin, suka wuce shagon mai aski, suka wuce famfon da yara ke tare ruwa. Sai da suka kusa bakin titi kafinta ya gane abin da yake yi: rakiya yake yi wa ɗansa, yadda ake yi wa baƙo. Amma bai tsaya ba.

A bakin titi ya ce, "Asibitin nan da safe suke karɓar mutane. Zan zo lungun in same ka."

"In ka same ni."

"Zan zo dai."

Injiniya ya dubi motocin da ke wucewa. "Kada ka zo da Mama. Wurin ba kyau."

"Ni kaɗai zan zo."

Yaron ya jira hanya ta yi sauƙi, ya tsallaka. Kafinta ya tsaya a inda yake yana kallon tsohuwar rigarsa tana shiga cikin mutane, har ya kasa bambanta ta da sauran riguna.